Tashin Almasihu daga matattu: ina tarihi ya kai, ina ya tsaya?

A tsakiyar tsohon birnin Ƙudus akwai wata majami'a da Larabawa ke kira Kanisatul Ƙiyama. Musulmi ne ke buɗe ƙofarta tun da asuba. Gidan Judeh ke ajiye dogon mabuɗin ƙarfen, gidan Nusaiba kuma su ke buɗewa da rufewa, gado ne da suka yi ɗaruruwan shekaru suna riƙe da shi. Daga ciki ake miƙo ɗan tsani ta wata 'yar taga da ke jikin ƙyauren, mai buɗewa ya taka ya kai ga kwaɗon sama. Da an buɗe sai masu ziyara su yi ta kwarara, har da Kiristocin Najeriya da ke zuwa ibada kowace shekara, su bi dogon layi don su shiga wani ɗan ɗaki da ba ya cin fiye da mutum uku ko huɗu. Wurin da suke wahalar gani ɗin nan babu kowa a cikinsa, kuma rashin kowan shi ne dalilin zuwansu. A imaninsu nan aka kwantar da gawar Yesu ranar Juma'a, ranar Lahadi aka zo aka tarar ba ya nan.

Kiristanci ya ɗora kansa a kan abin da aka ce ya faru a wani sanannen gari, a zamanin wani gwamna da aka san sunansa. Manzo Bulus da kansa ya rubuta wa mutanen Korinti, wani birni a ƙasar Girka, cewa in ba a ta da Almasihu ba, to wa'azinsu banza ne, bangaskiyarsu ma banza ce. Wanda ya yi magana irin wannan ya ba masanin tarihi izinin bincike, kuma sama da shekara ɗari biyu ke nan masana na Turai da Amurka, masu bi da marasa bi, suna ta tankaɗe da rairayar waɗannan takardu. Zan riƙa cewa Yesu kamar yadda takardun suka kira shi. Musulmi Annabi Isa (AS) suke cewa, kuma zancen abin da Alƙur'ani ya faɗa yana tafe.

Kafin a yi zancen tashi sai an yi zancen mutuwa, kuma a nan masana tarihi ba su cika yin gardama ba. Bilatus ya yi gwamnan Yahudiya a ƙarƙashin daular Rum daga shekara ta 26 zuwa 36 miladiyya, kuma a 1961 aka tono wani dutse a Kaisariya, a bakin teku, ɗauke da sunansa da muƙaminsa. Tasitus, marubucin tarihin Rum wanda ba ya ƙaunar Kiristoci ko kaɗan, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa Bilatus ne ya kashe wanda aka samo sunan Kiristoci daga gare shi, a zamanin sarki Tibariyas. Ya ƙara da cewa wannan camfi, kamar yadda ya kira shi, ya lafa na ɗan lokaci sannan ya sake ɓarkewa, daga Yahudiya har cikin birnin Rum. Yosifus, Bayahude marubucin tarihi, shi ma ya ambaci gicciyewar a littafin da ya kammala wajen shekara ta 93. Sai dai sakin layin nasa yana da tabo. Magwafan Kirista da suka riƙa kwafar littafin sun cusa masa kalmomin da Bayahude irinsa ba zai faɗa ba, har da cewa Yesu shi ne Almasihu kuma ya bayyana da rai a rana ta uku. Yawancin masana suna ganin akwai ainihin maganar Yosifus a ƙarƙashin ƙarin. Wani bishop na Manbij a Siriya, Agabiyus, da ya yi rubutu da Larabci a ƙarni na 10, ya kawo sakin layin da lafazi mai sauƙi: almajiransa ne suka ba da labarin cewa ya bayyana gare su. Tsakanin "ya bayyana" da "sun ce ya bayyana" akwai rata mai faɗi, kuma duk gardamar da za ta biyo baya a cikin wannan ratar take.

Wani abin da ke ƙarfafa masana kan gicciyewar shi ne munin ta. Mutuwar bayi da 'yan tawaye ce, ta tsiraici da wulaƙanci a bakin hanya, kuma Attaura ta ce wanda aka rataye a itace la'ananne ne. Wanda ke neman ya jawo Yahudawa da Rumawa ga shugabansa ba zai zauna ya ƙaga masa irin wannan ƙarshe ba. Shekarar ita ce 30 ko 33.

Mai karatu Musulmi zai ce, to ina aka bar aya ta 157 ta Suratun Nisa'i? Ayar ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, an dai kamanta musu ne, kuma ta gaba ta ce Allah ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Mafassara da dama sun ce wani aka sa wa kamanninsa. Irin wannan ra'ayi ma ya taɓa bayyana tun ƙarni na 2, inda aka ruwaito wani malami na Iskandariya mai suna Basilides yana koyar da cewa Saminu Bakurane, wanda ya ɗauki gungumen, shi aka gicciye. Abin lura a nan, ayar da kanta ta nuna cewa mutanen wurin sun ga abin da suka ɗauka gicciyewa ne. Masanin tarihi kuwa iyakar aikinsa abin da mutane suka gani suka rubuta. Zai fifita takardun ƙarni na farko a kan na ƙarni na bakwai, domin haka ƙa'idar sana'arsa take, amma ba shi da sikelin da zai auna "an kamanta musu". Musulmi ma ba a matsayin takardar tarihi ya karɓi ayar ba, a matsayin wahayi ya karɓe ta. Shi ya sa muhawarar da ake yi a dandalin sada zumunta lokacin bikin Ista, wannan ya jefo Tasitus wancan ya jefo aya, ba ta taɓa ƙarewa. Kowa da mudun da yake awo.

Hujjar da ta fi kowace nauyi kan batun tashin ba a cikin Linjila take ba, tana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura ta 15. An rubuta wasiƙar tsakanin shekara ta 53 da 55, kafin a rubuta ko ɗaya daga cikin Linjila huɗu, kuma ko masu tsananin shakka ba sa musun cewa Bulus ne ya rubuta ta. An ma iya kafa lokacin zamansa a Korinti da ƙarfi, saboda wani rubutun dutse da aka samu a Delfi ya nuna Galiyo, gwamnan da aka kai Bulus gabansa, yana kan mulki wajen shekara ta 51 zuwa 52. A cikin surar Bulus ya ce ya miƙa musu abin da shi ma ya karɓa: cewa Almasihu ya mutu, an binne shi, an ta da shi a rana ta uku, ya bayyana ga Kefas, wato Bitrus, sannan ga almajirai sha biyun, sannan ga 'yan'uwa fiye da ɗari biyar a lokaci guda waɗanda yawancinsu suna nan da rai, sannan ga Yakubu, sannan ga dukan manzanni, daga ƙarshe ga shi Bulus.

Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai gane abin da ke faruwa a nan. "Na karɓa, na miƙa" lafazin ruwaya ne, irin wanda malaman Yahudawa ke amfani da shi wajen sadar da karatu daga malami zuwa ɗalibi. Jimlolin gajeru ne, a jere, masu sauƙin hadda, da wasu kalmomi da ba irin na Bulus ba. To daga wa ya karɓa? A wasiƙarsa ga Galatiyawa ya ce shekara uku bayan tubansa ya je Urushalima, wato Ƙudus, ya yi kwana goma sha biyar wurin Bitrus, ya kuma ga Yakubu ɗan'uwan Yesu. Mutum biyun nan duk sunansu na cikin jerin. In aka lissafa, ziyarar ta faɗo cikin shekara biyar zuwa shida bayan gicciyewar. Gerd Ludeman, Bajamushen masani da bai yarda da tashin ba sam, ya sa asalin wannan ruwaya cikin shekara biyu zuwa uku na farko. A ma'aunin tarihin zamanin da, inda ake rubuta labarin sarki bayan shekara ɗari ko fiye, wannan isnadi ne gajere ƙwarai. Mai cewa labarin tashin tatsuniya ce da ta tsiro bayan ƙarnoni, ko cewa sarki Konstantin ne ya ƙaga shi a ƙarni na 4, bai karanta takardun ba.

Amma fa gajartar isnadi ba ta faɗa maka abin da aka gani. Bulus bai ambaci kabarin da aka tarar fanko ba, bai ambaci mata ba, bai bayyana yadda ganin ya kasance ba. Kalma ɗaya ya yi amfani da ita ga ganin Bitrus da nasa ganin, alhali nasa, yadda littafin Ayyukan Manzanni na cikin Littafi Mai Tsarki ya kawo shi, haske ne daga sama da murya a hanyar Dimashƙu. A cikin surar nan dai ya yi zancen jiki na ruhu, kuma har yau ana ja-in-ja kan abin da yake nufi. Mutum ɗari biyar ɗin kuma ba a faɗi sunan ko ɗaya ba, ba a faɗi gari ba, kuma babu wata Linjila da ta kawo labarinsu. Masu kare aƙidar suna cewa faɗin "yawancinsu suna da rai" tamkar ƙalubale ne, ku je ku tambaye su. Gaskiya ne, amma daga Korinti zuwa Yahudiya tafiyar makonni ce a jirgin ruwa. A cikin duk wanda aka ce ya gani, Bulus kaɗai muke da rubutun hannunsa da babu gardama a kai yana cewa "ni na gani".

Labarin kabari a Linjila yake. Yawancin masana suna sa rubuta Linjilar Markus wajen shekara ta 70, Matiyu da Luka tsakanin 80 da 90, Yahaya kusa da ƙarshen ƙarni, ko da yake wasu masana Kirista suna jawo su baya. Da Girkanci aka rubuta su, Yesu da almajiransa kuwa Aramiyanci suke yi. Idan ka jera surorin ƙarshe na littattafan huɗu ka karanta su a zama ɗaya, bambancin zai fito maka fili. A Markus mata uku ne suka je da sassafe, Maryamu Magadaliya da Maryamu uwar Yakubu da Salome, suka tarar da wani saurayi sanye da farar riga. A Matiyu mata biyu ne, da girgizar ƙasa da mala'ika ɗaya da masu gadi. A Luka mutum biyu ne masu tufafi masu walƙiya. A Yahaya Maryamu Magadaliya ce aka ambata ta je tun da sauran duhu. Matiyu ya kai almajiran wani dutse a Galili, har ya ce wasunsu sun yi shakka. Luka ya tsayar da su a Urushalima da kewayenta. Tsakanin wuraren biyu tafiyar kwanaki ce a ƙafa.

Akwai kuma wani abu game da Markus da mai karatu na yau da kullum ba ya lura da shi. A tsofaffin kwafe biyu mafi daraja, na Sina'i da na Batikan, dukansu na ƙarni na 4, littafin ya ƙare a sura ta 16 aya ta 8: matan suka fita da gudu suna rawar jiki, ba su faɗa wa kowa kome ba domin suna jin tsoro. Aya ta 9 zuwa ta 20, inda aka kawo bayyanar Yesu, ƙari ne da ya shigo daga baya, kuma bugu da yawa na Littafi Mai Tsarki na yanzu suna nuna haka a ƙasan shafi. Ke nan Linjila mafi tsufa ta yi alkawarin za a gan shi a Galili amma ba ta ba da labarin ganin ba.

Kowane ɓangare yana da yadda yake karanta wannan saɓani. Mai shakka ya ce ga labari nan yana girma, daga saurayi ɗaya zuwa mala'iku da girgizar ƙasa, daga gudun tsoro zuwa cin gasasshen kifi da taɓa tabon ƙusa. Mai bi ya ce ai shaidun da suka haɗa baki ne ke faɗin magana iri ɗaya sak, kuma duk alƙalin da ya saurari shaidun haɗarin mota ya san sukan saɓa a kan launin riga su dace a kan wanda aka kaɗe. A ganina kowanne ya riƙe wani yanki na gaskiya. Girman labarin a bayyane yake, musamman a Matiyu, wanda shi kaɗai ya kawo masu gadi da kuma tsarkakan da suka fito daga kaburbura suka shiga gari. Amma ƙashin bayan labarin bai motsa ba a duka huɗun: ranar farko ta mako, da sassafe, mata, Maryamu Magadaliya a cikinsu, dutsen bakin kabarin a gangare.

Matan nan su ne hujja mafi ƙarfi ta masu cewa kabarin fanko tarihi ne. A wancan zamani shaidar mace ba ta da nauyi. Yosifus ya rubuta ƙarara cewa kada a karɓi shaidar mata. Wani Bagirke maƙiyin Kiristanci mai suna Kelsus, wajen shekara ta 175 zuwa 180, da wannan ya yi musu ba'a, ya ce wa ya gan shi in ba wata mace mai taɓin hankali ba. Wanda zai ƙaga labari don a yarda da shi, me zai hana shi sa Bitrus da Yahaya a bakin kabarin tun farko? Amsar masu shakka ita ce, a tsarin labarin Markus mazan duk sun tsere, kuma shafa wa gawa turare aikin mata ne, saboda haka su ne kaɗai suka rage da za a iya turawa. Amsa ce mai ma'ana, ko da yake ni ba ta kawar mini da nauyin hujjar gaba ɗaya ba.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Wasu suna tambayar ko an ma binne shi a kabarin da aka sani. Al'adar Rumawa ita ce a bar gawar wanda aka gicciye a kan itace, ungulu da karnuka su ci, don ta zama ishara ga na baya, ko a jefa ta ramin gayya. Jon Dominik Krosan da Bart Erman, dukansu sanannun masana a Amurka, suna shakkar labarin Yusufu mutumin Arimatiya, ɗan majalisar da aka ce ya roƙi gawar daga Bilatus. In babu sanannen kabari, to babu zancen tarar da shi fanko. Sai dai ƙasa ta fito da wata shaida. A 1968 masu aikin gini a arewacin Ƙudus suka ci karo da kogon kabari na ƙarni na farko. A cikin wani akwatin dutse na ajiye ƙasusuwa, mai ɗauke da sunan Yehohanan, aka sami ƙashin diddige da ƙusar ƙarfe ta fi santimita 11 a soke a ciki, bakinta a lanƙwashe, da ɗan guntun itace a maƙale. Da alama ƙusar ta bugi gaɓar itacen ta lanƙwashe, aka kasa zare ta, aka binne shi da ita. Ga mutum nan an gicciye shi, kuma danginsa sun sami gawarsa sun sa a kabarin gida. Yosifus ma ya ce Yahudawa sukan sauke waɗanda aka gicciye su binne su kafin faɗuwar rana, bisa umarnin Attaura. Wannan ya nuna binnewar mai yiwuwa ce ƙwarai. Bai tabbatar da cewa haka aka yi wa Yesu ba.

Masu wa'azi sukan ce, da gawar na nan ai da hukuma ta fito da ita ta kashe maganar. Amma Ayyukan Manzanni ya nuna sai ranar Fentikos, bayan kwana hamsin, almajiran suka fara shela a fili, kuma gawar da ta yi mako bakwai a ƙasa ba mai iya shaida ta. A ɗaya gefen kuma, Matiyu ya ce har zamaninsa ana yaɗa cewa almajiran ne suka sace gawar da dare, kuma Yustin Shahidi, wani marubuci Kirista, ya sake ambaton wannan zargi a tsakiyar ƙarni na 2. Mai cewa an sace gawa ya riga ya yarda ba ta nan. Sai dai daga bakin Kiristoci muka ji zargin, ba daga bakin masu yin sa ba.

Zancen sata da gangan, wanda Bajamushe Raimarus ya farfaɗo da shi a ƙarni na 18, kusan babu masanin da ke riƙe da shi yau. Haka ma zancen cewa suma ya yi, sanyin kogo ya farfaɗo da shi. Ana iya tsira daga gicciye, domin Yosifus ya ba da labarin mutum uku da ya sani da ya roƙa aka sauke su da rai, biyu suka mutu a hannun masu magani ɗaya ya rayu. Amma Dauda Shtaraus, wanda shi kansa bai yarda da mu'ujizar ba, ya rushe ra'ayin tun ƙarni na 19 da tambaya ɗaya: mutumin da ya rarrafo daga kabari jina-jina yana neman mai ɗaure masa rauni, ta yaya zai sa almajiransa su yarda ya ci nasara a kan mutuwa? 'Yan Ahmadiyya ne suka riƙe wani nau'in wannan ra'ayi, har suna nuna wani kabari a Srinagar ta Kashmir.

Dalilin da ya sa aka yar da zancen ƙarya shi ne halin mutanen bayan abin. A nan ma ana yawan zuzutawa. Za ka ji an ce dukan manzanni sun yi shahada a kan wannan shaida, alhali labarin mutuwar yawancinsu ya zo ne a littattafan baya masu cike da almara. Waɗanda ake da madogara a kansu kaɗan ne: Yakubu ɗan Zabadi da sarki Hirudus Agaribas ya sa aka sare, Yakubu ɗan'uwan Yesu da Yosifus ya ce an jefe shi a shekara ta 62, sai Bitrus da Bulus da wata wasiƙa daga ikkilisiyar Rum ta ƙarshen ƙarni na farko ta yi nuni ga mutuwarsu. Ko waɗannan sun isa su nuna mutanen da gaske suke. Mutum yakan mutu a kan kuskuren da ya ɗauka gaskiya ne, amma da wuya ya sha bulala da kurkuku shekara da shekaru a kan abin da shi ya ƙaga da hannunsa. Biyu daga cikinsu kuma ba almajirai ba ne tun farko. Bulus farautar masu bi yake yi, Linjila kuma ta nuna 'yan'uwan Yesu ba su gaskata da shi ba yana raye, sai ga Yakubu ya zama shugaban ikkilisiyar Urushalima.

Bayanin da ya rage wa masu shakka, kuma shi ne mai ƙarfi, shi ne cewa sun gani ɗin, amma gizo ya yi musu. Duk wanda ya zauna da mai takaba ya san wannan ba baƙon abu ba ne: ta ji takunsa a zaure, ta ga kamar shi ne zaune a kan buzunsa. Wani likita a Wales, Dewi Ris, ya tambayi mutum kusan ɗari uku da abokan aurensu suka rasu, ya wallafa a 1971 cewa kusan rabinsu sun ji ko sun ga mamacin. Ludeman ya ce Bitrus, da baƙin ciki da nadamar musun ubangidansa suka yi masa katutu, shi ya fara gani, abin ya yaɗu ga sauran. Ganin taron jama'a ma an san shi. A Zaitun ta birnin Alƙahira, daga 1968, dubban mutane, Kirista da Musulmi, sun ce sun ga Maryamu a saman wata majami'a, kuma Kiristan da ba ɗan Katolika ko Kibɗawa ba ba lallai ya yarda da wannan ba duk da yawan shaidun.

N. T. Rait, masani kuma tsohon bishop na Durham a Ingila, ya ba da amsar da ta fi kowace tsayawa a rai. Ya ce mutanen da ma sun san fatalwa, sun san mafarki, suna da kalmominsu. Wanda ya ga mamacinsa yakan ƙara tabbata ne cewa ya mutu, ba ya cewa ya tashi. A cikin ƙungiyoyin Yahudawa na lokacin, Farisiyawa sun yarda da tashin matattu, Sadukiyawa sun musa, amma tashin da ake jira na kowa da kowa ne a ƙarshen zamani, ba na mutum guda a tsakiyar tarihi ba. Kuma an yi wasu masu da'awar ceton Isra'ila da Rumawa suka kashe, irin su Saminu bar Giyora a shekara ta 71 da Bar Kokba a 135, babu wanda mabiyansa suka ce ya tashi. In an kashe shugaba, ko a watse ko a naɗa ɗan'uwansa. Ga Yakubu nan a raye, amma ba wanda ya ce shi ne Almasihu. To me ya sa waɗannan kaɗai suka zaɓi kalmar da ta fi kowace wuyar karewa, har suka mai da ranar Lahadi ranar taruwarsu?

Tsugune ba ta ƙare ba, domin tarihi ya nuna mabiya ba koyaushe suke watsewa ba idan fata ya rushe. Sabbatai Zebi, wanda Yahudawa da yawa suka ɗauka shi ne Almasihu, ya musulunta a gaban sarkin Usmaniyya a 1666, wasu mabiyansa suka ce ai wannan ma cikin shirin ceton yake, suka ci gaba. Babban malamin ƙungiyar Yahudawa ta Habad, Menahem Shinerson, wanda wasu mabiyansa suka ɗauka shi ne Almasihu, ya rasu a New York a 1994, har yau akwai masu jiran dawowarsa. Markus da kansa ya ce da Hirudus mai mulkin Galili ya ji labarin Yesu, ya zaci Yahaya Maibaftisma, wanda ya sa aka kashe, shi ne ya tashi daga matattu, ke nan tunanin tashin mutum guda bai zama abin da kai ba zai ɗauka ba.

Kayan tarihi da ake nunawa ba su ƙara kome a kan wannan ba. Likkafanin Turin, ƙyallen da wasu ke cewa da shi aka naɗe gawar Yesu, da ɗakunan bincike uku suka gwada shekarunsa a 1988, ya faɗo tsakanin 1260 da 1390. Kabarin Lambu, wani wuri dabam a Ƙudus da wasu masu ziyara suka ɗauka shi ne kabarin kuma suka fi so saboda kyan wurin, masana tono sun ce ya girmi zamanin Yesu da ɗaruruwan shekaru. Kanisatul Ƙiyama ta fi su madogara, tunda wurin maƙabarta ce a wajen ganuwar birni a ƙarni na farko. Da masu gyara daga Atina suka ɗaga marmarar da ke kan makwancin a 2016, sun tarar da turmin gini na ƙarni na 4, zamanin da aka gina majami'ar da umarnin Konstantin. Wannan ya nuna wurin da Kiristoci suka nuna bayan shekara ɗari uku, iyakarsa ke nan.

Sauran gardamar ta falsafa ce. Masanin falsafa Dauda Hiyum ya kafa hujja a 1748 cewa ko yaya shaida ta kai, kuskuren mai shaida ko ƙaryarsa ya fi kusa da yiwuwa a kan karyewar al'adar halitta. Mai bi zai ce ai ba wanda ya ce Yesu ya tashi da ƙarfin halitta, cewa aka yi Allah ne ya ta da shi, kuma wanda ya riga ya rufe wannan ƙofar kafin ya buɗe takarda ya yanke hukunci kafin shari'a. E. P. Sandas, ɗaya daga cikin manyan masana wannan fanni a ƙarni na 20, ya tsaya a tsakani: ya ce a wurinsa tabbas ne almajiran da Bulus sun gamu da wani abu da suka kira tashi, amma mene ne ainihin abin da ya jawo shi, bai sani ba. Ni ma nan na ga takardun sun kai mutum.

Pinhas Lapid malamin Yahudawa ne mai riƙo da addininsa, tsohon jami'in diflomasiyyar Isra'ila. Ya duba waɗannan hujjoji ya rubuta a 1977 cewa ya yarda Allah ya ta da Yesu da gaske, domin bai ga abin da zai mai da tsorattun masunta masu shela ba in ba haka ba. Bai zama Kirista ba, bai kuma karɓi Yesu a matsayin Almasihun Isra'ila ba, har ya rasu a 1997. Ludeman kuwa a lokacinsa farfesan Sabon Alkawari ne a jami'ar Gottingen, a sashen da ke horar da limaman coci. Ya duba takardun nan dai, ya wallafa a 1994 cewa gawar ta ruɓe a inda aka sa ta, kafin ƙarshen shekarun 1990 kuma ya fito ya ce shi ba Kirista ba ne kuma, jami'ar ta sauya masa kujera.